Lissafin Turjiya da Ƙarfin Aiki Daga Tunkuɗa da Gudana a Da'irar Lantarki

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa koyar da ilimin lantarki a sakandare ko a ajin farko na kwalejin fasaha ya san cewa ƙa'idojin da wannan takarda za ta yi magana a kansu ba su da wuyar hadda. Ɗalibi yakan haddace su a yini guda, washegari ya biya maka su tamkar karatun allo. Wahala ba ta bayyana sai ranar da aka ajiye masa ƙwan fitila biyu, ɗaya na wat 60 ɗaya na wat 100, aka tambaye shi wanne ya fi turjiya. A nan ne zai tarar cewa ƙa'idoji biyu da ya haddace, waɗanda kowace daga cikinsu gaskiya ce, suna ba shi amsoshi masu karo da juna: ɗaya ta ce ƙarfin aiki hauhawa yake yi in turjiya ta ƙaru, ɗaya ta ce raguwa yake yi. Sai ya zaɓi wadda ta fara faɗo masa a rai, ya dogara ga sa'a.

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ake fitar da turjiya da ƙarfin aiki daga abubuwa biyu da ake iya aunawa kai tsaye, watau tunkuɗa da gudana, sa'an nan a nuna inda ruɗanin da aka ambata yake tasowa. A ganina yana tasowa ne daga tambayoyi biyu da ba mu saba yi wa ɗalibi ba: a wane yanki na da'ira aka yi awon, kuma wane abu ne yake tsaye ba ya canzawa. Batun ya wuce na cin jarrabawa. Wanda muka yaye yau shi ne gobe zai ja waya a rumfunan kasuwa, kuma lissafin da ya gagare shi a aji shi ne yake faɗin ko wayar nan za ta ɗauki kayan da aka ɗora mata, ko kuwa za ta kama da wuta.

2.0 Kalmomi da Ma'aunai

Kafin a shiga lissafi ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomi, domin daga nan rikicin yake somawa ga mai koyo da Hausa. In fitila ta yi dishi-dishi mukan ce wutar yau ba ta da ƙarfi. Mukan ce ƙwan nan ya fi wancan ƙarfi, mukan ce hita tana jan wuta, mukan ce firiji yana cin wuta. Mai magana ya san abin da yake nufi, mai saurare ma ya gane, amma na farko da bolt ake auna shi, na biyu da wat, na uku da amfiya, na huɗu kuwa da yunit ɗin da mitar gida take ƙidayawa. Abubuwa huɗu ke nan a bakin kalma biyu. Saboda haka za a raba su a wannan takarda kamar haka.

Tunkuɗa ita ce bambancin matsin lantarki tsakanin wurare biyu a da'ira. Ma'auninta bolt, alamarta V. A riƙe kalmar nan "tsakanin" da kyau, don za a dawo kanta. Gudana ita ce yawan cajin lantarki da yake ratsa wani wuri na waya a cikin sakan guda. Ma'auninta amfiya, alamarta I. Amfiya ɗaya ita ce kulom ɗaya na caji a kowane sakan. Turjiya ita ce cijewar da waya ko na'ura take yi wa gudana. Ma'auninta om, alamarta R. Kalmar ƙarfi kuwa sai mu keɓe ta ga abu guda, ƙarfin aiki, watau saurin da ake juya makamashin lantarki ya koma zafi ko haske ko motsi. Ma'auninsa wat, alamarsa P. Sunayen ma'aunan duk na mutane ne. A taron masana lantarki na duniya da aka yi a Faris a 1881 ne aka amince da bolt da amfiya da om, don tunawa da Volta na Italiya da Ampère na Faransa da Ohm na Jamus.

Malamai sun saba kwatanta waɗannan abubuwa da tankin ruwa a saman gini: tsayin tankin shi ne tunkuɗa, ruwan da yake fita daga famfo shi ne gudana, ƙuncin bututu kuma shi ne turjiya. Kwatancin yana da amfani a makon farko, sai dai yana da wurin da yake tsayawa. In an yanke bututu ruwa zuba yake yi, in kuwa an yanke waya gudana tsayawa take yi cak, domin lantarki ba ya tafiya sai ya sami hanyar komawa inda ya fito, dalilin da ya sa ake cewa da'ira ke nan. Har ila yau, gudana ba ta ƙarewa a cikin ƙwan fitila. Amfiyar da ta shiga ta wannan gefe ita ce take fita ta wancan. Abin da aka baro a ciki makamashi ne.

Wajen awo, ma'aunin bolt ana ɗora bakinsa biyu ne a gefe biyu na abin da ake aunawa, ba tare da an kwance kome ba. Ma'aunin amfiya kuwa sai an yanke da'ira an sa shi a tsakani don gudanar ta bi ta cikinsa, ko kuma a yi amfani da irin mai baki kamar awartaki wanda ake maƙala wa waya guda.

3.0 Turjiya: Ƙa'idar Ohm

An haifi Georg Simon Ohm a garin Erlangen a 1789, kuma yana koyar da lissafi da kimiyya ne a wata makarantar sakandare a birnin Kolon sa'ad da ya soma binciken da ya sa sunansa ya tsaya. Gwajinsa na farko, wanda ya buga a 1825, bai ba da sakamako daidai ba, saboda batir irin na Volta da ya yi aiki da shi tunkuɗarsa ba ta tsayawa wuri guda. Da an soma jan gudana sai ta yi ta raguwa. A 1826 ya sake dabara. Ya haɗa jan ƙarfe da wani ƙarfe da ake kira bismut, ya sa mahaɗa ɗaya a tafasasshen ruwa, ɗaya a ƙanƙara, sai ya sami tunkuɗa 'yar kaɗan amma tabbatacciya, tun da zafin tafasasshen ruwa da sanyin ƙanƙara ba sa sauyawa. Daga nan ya riƙa sa wayoyin jan ƙarfe masu kauri ɗaya da tsawo dabam-dabam, yana auna gudana da karkatar allurar maganaɗisu. Littafinsa ya fito a Balin a 1827. Masanan ƙasarsa ba su karɓe shi hannu biyu ba, sai da aka kai 1841 kafin ƙungiyar masana kimiyya ta Landan ta ba shi lambar yabo ta Copley. Ya rasu a Munik a 1854. Na kawo wannan tarihi ne don darasi guda da ke cikinsa: Ohm bai ga ƙa'idarsa ba sai da ya sami hanyar tsayar da abu ɗaya yana jujjuya ɗayan.

Abin da ya gano shi ne, a wayar ƙarfe wadda zafinta bai canza ba, gudana tana bin tunkuɗa sau da ƙafa. In an ninka tunkuɗa biyu, gudana ta ninku biyu. Saboda haka in an raba tunkuɗa da gudana, amsar ba ta canzawa, kuma wannan amsa ita ce turjiya:

R = V ÷ I

Daga nan ake samun V = I × R da kuma I = V ÷ R. Alal misali, a ce an auna dutsen guga a gida a Kano ko Zariya, inda tunkuɗar da aka tsara wa gidaje bolt 230 ce, aka tarar yana jan amfiya 5. Turjiyarsa ita ce 230 ÷ 5, watau om 46.

4.0 Ƙarfin Aiki

Ƙa'idar ƙarfin aiki, P = V × I, bai kamata a ba ɗalibi ita a matsayin abin hadda kurum ba, don tana fitowa ne daga ma'anar ma'aunan kansu. Bolt ɗaya yana nufin kowane kulom na caji yana barin jul ɗaya na makamashi a tsakanin wuraren nan biyu. Amfiya ɗaya kuma tana nufin kulom ɗaya yana wucewa a sakan. To, in kowane kulom yana barin jul 230, kuma kulom 5 suna wucewa a kowane sakan, jul 1,150 ke nan a sakan. Jul ɗaya a sakan shi ne wat. Dutsen gugar nan tamu na wat 1,150 ne ke nan. In an yi guga da shi awa biyu ba tare da ya katse ba, ya ci 1.15 × 2, watau yunit 2.3 a mitar gida, domin yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa guda. A nan ne "ƙarfi" da "ci" suka rabu: ƙarfin aiki sauri ne, abin da ake biyan kuɗinsa kuwa ƙarfin aiki ne sau lokaci.

In aka cire V daga P = V × I aka sa I × R a gurbinta, sai a sami P = I² × R. In kuwa I aka cire aka sa V ÷ R, sai a sami P = V² ÷ R. A gwada su da dutsen guga: 5 × 5 × 46 ya ba da 1,150, haka nan 230 × 230 ÷ 46, watau 52,900 ÷ 46, ya ba da 1,150. Ƙa'idar ta farko James Prescott Joule ne ya tabbatar da ita a Ingila wajen 1840 zuwa 1841, ta hanyar nutsa naɗaɗɗiyar waya a ruwa yana auna hauhawar zafinsa. Su biyun nan ne suke ruɗa ɗalibi, don a ɗaya R tana sama, a ɗaya tana ƙasa.

5.0 Tambaya ta Farko: Mene Ne Yake Tsaye?

Mu koma ga ƙwai biyu na gabatarwa. A gida kowace na'ura tana da reshenta daga manyan wayoyi biyu, abin da za a kira haɗin rassa, kuma kowane reshe yana samun bolt 230 cif. Tunkuɗa ce take tsaye ke nan, don haka ƙa'idar da za ta yi magana kai tsaye ita ce P = V² ÷ R. In an juya ta, R = V² ÷ P. Ƙwai na wat 60 turjiyarsa 52,900 ÷ 60, kimanin om 882. Na wat 100 kuwa om 529. Mai ƙaramar turjiya shi ne mai babban ƙarfin aiki, saboda ya fi buɗa wa gudana hanya. Ita ma P = I² × R ba ƙarya ta yi ba; ɗalibi ne ya dubi R ya manta cewa I ba ɗaya ba ce a ƙwayayen biyu.

Yanzu a ɗauki ƙwayayen nan a haɗa su jerin gwano, watau gudana ta fita daga wannan ta shiga wancan. A wannan hali gudana ce ɗaya a cikinsu, tunkuɗa kuwa rabuwa take yi. Turjiyar duka 882 + 529, watau om 1,411, gudana kuma 230 ÷ 1,411, kimanin amfiya 0.163. Da P = I² × R, ƙwai na wat 60 ya sami kimanin wat 23, na wat 100 kuwa wat 14 kacal. Ƙaramin ya fi babban haske. Ban san gwajin da yake girgiza aji kamar wannan ba, kuma kayan yinsa ba su da tsada. Abin da ɗalibi zai koya a nan shi ne, lambar da aka buga a jikin ƙwai alkawari ne mai sharaɗi: wat 100 ne in an ba shi bolt 230.

Wannan sharaɗi shi ne yake bayyana abin da kowa ya sani game da wuta maras ƙarfi. In tunkuɗa ta sauka daga 230 zuwa 180, dutsen guga mai om 46 zai ba da 180 × 180 ÷ 46, kimanin wat 704. Tunkuɗa ta ragu da kashi 22 cikin ɗari, amma zafi ya ragu da kashi 39, domin murabba'in tunkuɗa ake lissafawa. Haka abin yake in an juya shi. Hita mai wat 1,200 da aka yi don gidajen Amurka, inda tunkuɗa bolt 120 ce, tana jan amfiya 10, turjiyarta om 12. In aka sayo ta aka jona a bolt 230, za ta nemi ba da 52,900 ÷ 12, fiye da wat 4,400, kusan ninki huɗu na abin da aka gina ta a kai. Ba ta daɗewa.

Akwai hali na uku wanda littattafan makaranta ba su cika tsayawa a kansa ba, watau inda ƙarfin aiki ne yake tsaye. Injin firiji ba kamar dutsen guga yake ba. Nauyin aikin da aka ɗora masa shi ne yake yanke yawan wat ɗin da yake bukata, saboda haka in tunkuɗa ta ragu, sai ya ƙara jan gudana don ya cike giɓin. A sauƙaƙe, injin da yake bukatar wat 200 yana jan amfiya 0.87 a bolt 230, amma a bolt 170 sai ya ja 1.18. Zafin da naɗin wayar cikinsa yake yi kuwa I² × R ne, watau ya kusa ninkuwa biyu. Shi ya sa wuta maras ƙarfi take sanyaya dutsen guga amma take ƙona firiji, abin da yakan ba masu gida mamaki.

6.0 Tambaya ta Biyu: A Wane Yanki Aka Auna?

Na sha ganin wannan kuskure a takardun jarrabawa. An ce waya mai turjiyar om 1.15 ta kai wuta ga dutsen guga daga layin bolt 230, a faɗi zafin da wayar take yi. Sai ɗalibi ya rubuta 52,900 ÷ 1.15, ya sami wat 46,000, ya ja layi biyu a ƙarƙashi, bai ko tsaya ya tambayi kansa yadda waya za ta yi zafin da ya kai na dutsen guga arba'in ba. Kuskurensa shi ne ya ɗauki V ta dukan da'ira ya haɗa ta da R ta yanki guda. Bolt 230 ba tsakanin farkon wayar da ƙarshenta take ba. Mafi yawanta a kan dutsen gugar take. Ƙa'idar ita ce, V da I da R da P duk su kasance na yanki ɗaya. Abin ban sha'awa shi ne, amsar tasa tana da ma'ana a wani hali dabam: in wayoyin biyu suka haɗu da juna ba tare da na'ura a tsakani ba, lalle bolt 230 ta hau kan om 1.15, gudana ta nemi kai amfiya 200. Ɗalibin ya lissafa haɗuwar waya ne bai sani ba. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Bari a yi lissafin yadda ya kamata, don a nan ne abin ya shafi dukiya da rai. Wayar jan ƙarfe mai tsawon mita ɗaya, wadda faɗin yankan bakinta murabba'in milimita ɗaya ne, turjiyarta kimanin om 0.0172 ce. Turjiya tana ƙaruwa da tsawo, tana raguwa da kauri. A ce an jawo wuta zuwa wata rumfa daga nisan mita 50 da wayar da masu sayarwa suke kira mai 1.5. Zuwa da komowa mita 100 ke nan, turjiya kuma 0.0172 × 100 ÷ 1.5, watau om 1.15 ɗin nan. Waya da na'ura jerin gwano suke, gudanarsu ɗaya. In gudanar amfiya 5 ce, tunkuɗar da ta salwanta a hanya 5 × 1.15, bolt 5.75, zafin wayar kuma 25 × 1.15, kimanin wat 29. Babu laifi a nan. Amma a ce maƙwabta uku sun jona nasu a wayar, gudana ta kai amfiya 20. Kaya ya ninku huɗu, zafi kuwa 400 × 1.15, wat 460, ninki goma sha shida. In wayar a sarari take iska tana kaɗa ta, da sauƙi. In kuwa an naɗe ragowarta an tura bayan dilolin atamfa, zafin ba shi da mafita sai robar jikinta.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne mahaɗa. Inda aka murɗa waya da waya da hannu, ko soket ɗin da bakinsa ya saki, yana iya samun turjiyar rabin om. Rabin om ba kome ba ne a ido. Amma a amfiya 10, zafinsa 100 × 0.5, wat 50, kuma duk a wuri guda da bai fi ƙwayar wake ba. Ƙarfen da masu gyaran rediyo suke narka dalma da shi sau da yawa bai kai haka ba. Fis ba zai tsinke ba, tun da gudana ba ta wuce ƙima ba. Shi fis aikinsa tsaron gudana ne kawai: na amfiya 13 da ke cikin filogi mai ƙafa uku an yi shi ne don kayan da bai wuce 230 × 13 ba, kimanin wat 3,000. Wanda ya cire shi ya cusa guntun waya a gurbinsa ya mai da wayar ginin duka ta zama fis.

Tambayar nan ta yanki ita ce kuma take bayyana tsuntsun da yake sauka a kan layin bolt 11,000 ya tashi lafiya. Tunkuɗar nan tsakanin layin da ƙasa take, shi kuwa tsuntsu abin da ya shafe shi shi ne tunkuɗar da ke tsakanin ƙafafunsa biyu, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na bolt ba. Mutumin da yake tsaye a jiƙaƙƙen ƙasa ya taɓa waya, jikinsa ne ya zama yankin da bolt 230 ta hau. Turjiyar jiƙaƙƙen jiki tana iya sauka zuwa wajen om 1,000, gudana ta zama amfiya 0.23, alhali na'urar kariya da ake sa wa gidaje a amfiya 0.03 ake tsara ta ta katse.

Da tambayoyin biyu tare ake gane dalilin da ya sa manyan layukan da suke ɗauko wuta daga madatsar ruwa ta Kainji, wadda ta soma aiki a 1968, zuwa Kaduna da Kano suke aiki da bolt 330,000. Layukan na waya uku ne, lissafinsu yana da ɗan ƙari, amma don sauƙi a ɗauke su kamar da'ira guda mai turjiyar om 10, kuma a ce wat miliyan 100 ake son aikawa. Ƙarfin aiki ne yake tsaye, don haka I = P ÷ V, kimanin amfiya 303, asarar hanya kuma 303 × 303 × 10, ƙasa da wat miliyan ɗaya. Da a bolt 33,000 aka aika, gudana 3,030 ce, asara ta haura wat miliyan 90, watau kusan duka a hanya zai ƙare. Lissafin nan ne kuma yake cin masu haɗa wutar hasken rana a gidaje, ta ɗaya gefen. Kayan wat 120 a batir mai bolt 12 amfiya 10 suke ja. In batirin yana nisan mita 10 aka jawo da waya mai 1.5, turjiya om 0.23 ce, bolt 2.3 sun tafi a hanya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da batirin ya bayar. Ƙaramar tunkuɗa ita ce take bukatar waya mai kauri, akasin abin da hankali yake fara rayawa.

7.0 Inda Ƙa'idar Take Tsayawa

A sashe na 5.0 an lissafa turjiyar ƙwai na wat 100 aka sami om 529. Wanda ya cire ƙwan ya auna shi da ma'aunin om yana sanyi zai tarar da abin da bai fi om 40 ba, sai ya zaci ma'aunin ne ya lalace. Dalili kuwa, zaren tangstan da ke cikin ƙwan yana kai zafin digiri 2,500 in yana ci, kuma turjiyar ƙarfe tana hauhawa da zafi, a nan fiye da ninki goma. Shi ya sa irin wannan ƙwai ya fi mutuwa a daidai lokacin kunnawa, sa'ad da zaren yake sanyi gudana ta afka masa. Wannan kuma yana nufin lambobin da aka samu a gwajin jerin gwano kusantarwa ce. A zahiri ratar hasken ta fi haka, don ƙwai na wat 100 bai yi zafin da turjiyarsa za ta kai 529 ba. R = V ÷ I tana nan daram a kowane lokaci a matsayin ma'anar turjiya, abin da ba ya tabbata shi ne cewa amsar ba ta canzawa. Fitilun zamani marasa zare, waɗanda suka kusa korar na tangstan daga kasuwa, sun ma fi nisa da ƙa'idar, domin ƙarin tunkuɗa kaɗan yakan ninka gudanar ƙwayar haskensu, sai an sa musu abin da zai tsare ta.

Wutar gida kuma mai kai da komowa ce, sau 50 a sakan, ƙololuwarta tana kai bolt 325. Lambar nan 230 ita ce tunkuɗar batir da za ta ba da zafi daidai da nata, shi ya sa lissafin dutsen guga ya tafi lami lafiya. A fanka da injin ban ruwa da sauran masu naɗin waya kuwa, gudana tana 'yar makara a bayan tunkuɗa, sai V × I ya fi ainihin wat. Saboda haka ne ake rubuta ƙarfin manyan janaretoci da bolt-amfiya, kuma wanda aka rubuta wa 10,000 yawanci wat 8,000 ake lissafa masa.

Abu na ƙarshe shi ne turjiyar da ke cikin batir kansa, wadda Ohm ya sa ta a lissafinsa tun 1826 amma mu mukan manta da ita. Batirin mota cikakke yana nuna bolt 12.6 in ba a jan kome. A ce an murɗa makulli, injin tayarwa ya ja amfiya 150, tunkuɗa ta sauka zuwa 10.6. Bolt 2 ɗin nan a cikin batirin suka salwanta, turjiyarsa ta ciki ke nan 2 ÷ 150, kimanin om 0.013. In batirin ya tsufa turjiyar ta kai om 0.05, fitilun mota masu jan amfiya 10 rabin bolt kawai za su rasa, su haska tar, mai mota ya rantse batirinsa ƙalau yake. Amma a amfiya 150 asarar bolt 7.5 ce, saura 5.1, injin tayarwa ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru. Saboda haka ne gogaggen makaniki ba ya yarda da awon batir sai wanda aka yi sa'ad da ake murɗa makulli.